Wasan Washegarin Sallah da 'Yan Sabon Gari

Ni ne golan kwalejinmu. Tun da aka kafa Fagge ba a taɓa yin mai tsaron raga irina ba, kuma ba sai ka wahalar da kanka wajen tambayar kowa ba, tunda ga shi na gaya maka. Duk ƙwallon da ta nufo ni, tun daga nesa take fara salati. Sai dai duk wannan baiwa da Allah ya yi mini, akwai mutum ɗaya da bai taɓa ganinta da idonsa ba, shi ne Baba. Ga shi kuwa bana ce shekarata ta ƙarshe a makaranta. Da mun gama jarrabawar fita, shagon Baba zan koma a kasuwar Sabon Gari, in zauna tsakanin kwanuka da kuloli, abin da zan riƙa cafewa sai dai murfin tukunya in ya zamo daga kan kanta. Ban ƙi shagon ba. Abin da nake so kawai shi ne, kafin in cire safar hannu, Baba ya tsaya a bakin fili sau ɗaya tak ya gan ni a cikin raga.

Kakanninmu daga ƙasar Yarbawa suka zo, amma shi Baba a Sabon Gari aka yanke masa cibi, a can ya girma, sai da ya auri Iya ya dawo Fagge. Babu lungun da bai sani ba a can, babu kuma tsohon da bai taɓa aikensa sayen goro ba. Ƙwallo dai a wurinsa aba ce mai cinye takalmi, ta kuma ƙara wa yaro cin tuwo. Don haka ban tunkare shi kai tsaye ba, sai na bi ta wajen Iya. Na yi mata wanke-wanke, na share tsakar gida, na ɗebo ruwa ba a aike ni ba, har sai da ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Rannan muna cin abinci Baba ya dube ni ya ce, "Iyarka ta ce kana so in je in ga kana faɗuwa a ƙasa."

Na ce, "Ba faɗuwa ba ce, Baba, tashi ne."

"Wanda ya tashi ai zai faɗo. Wane wasa ne babba a cikinsu? Ɗaya zan je, ba biyu ba."

Ban ko tsaya tunani ba na ce wasanmu da kwalejin mishan ta Sabon Gari. Duk shekara 'yan ajin ƙarshe na makarantun biyu sukan kara sau ɗaya. Babu kofi, babu kyauta, sai dai wanda aka ci ya shekara yana sunkuyar da kai in ya zo wucewa ta mahadar Bata, tsakanin unguwannin biyu.

Baba ya ce, "To, ranar zan rufe shago." Iya ta kusa sakin ludayi, domin in ba Sallah ko jana'iza ba, ƙofar shagon nan ba ta san kwaɗo da rana ba.

Sai dai fa samun ranar da za a buga wasan ya fi samun ruwan famfo a layinmu wuya. Juma'a dai kowa ya san ba ta ƙwallo ba ce. Lahadi su suna coci, in sun fito kuma iyayensu su ja su taron 'yan garinsu. Mu kuwa daga Asabar har Laraba da yamma muna Islamiyya, kuma bulalar malaminmu na can ba ta san wani abu wai shi wasan sada zumunci ba. Saura Alhamis ke nan. To ita ma Alhamis ɗin ranar koyon waƙar cocinsu ce, kuma ɗan tsakiyarsu shi ne mai kaɗa musu ganga, in babu shi babu waƙa, babu ƙwallo. Malamin wasanninmu da kocinsu sun yi zama a kan ranar nan fiye da zaman da aka yi kafin a ba da auren yayata. Malam ya rame. Shi kuwa kocin, da ma siriri ne, ya koma kamar sandar tuta.

Da ƙyar aka roƙi mai koyar da waƙa ya bar mana Alhamis ɗaya. Filin makarantarsu ƙarami ne kuma siminti ne, in gola ya yi tsalle a kai sai dai a kwashe shi da cokali, don haka a namu za a buga. Namu kuwa ba shi da katanga. Da safe na makaranta ne, da yamma na wanda ya riga zuwa ne.

Ranar Baba ya rufe shago, ya sha wanka ya zuba babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ashe rigar ce ta san gaskiya. Muna isa muka tarar da rumfuna da fararen kujeru daga wannan raga har waccan. Wani dattijon unguwa ne ke walimar auren 'yarsa, kuma daidai inda nake tsayawa a cikin raga, nan aka girke tukunyar shinkafa. 'Yan Sabon Gari suka sauko daga a daidaita sahu cikin jesinsu suka tsaya turus. Malam ya je ya yi wa mai walima bayani a hankali, dattijon ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya sa aka kawo masa lemo. Da na waiwaya neman Baba, sai na hango shi a sahun gaba an sa masa faranti, domin uban amarya abokinsa ne.

A hanyar gida ya ce, "Wasan ya yi kyau, gishirin ne ya ɗan yi yawa."

Karo na biyu aka ce to a gwada Asabar da sassafe, kafin kowa ya farka ya tuna yana da 'yar aurarwa. Babu wanda ya lura cewa Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ranar tsaftar muhalli, da ba a zirga-zirga sai hantsi. Mu da ke kusa da fili muka taka da ƙafa, har da Baba. Su kuwa bayin Allah aka tare su a hanya, aka sauke su, aka miƙa wa kowa shebur. Da jesi da takalman ƙwallo suka yashe kwata. Mu muna nan muna ta ɗumama jiki har muka ƙone. Kafin a sake su, masu koyon tuƙin mota sun zo sun jera tayoyinsu a filin, wata hajiya mai koyon ribas kuma ta nufi ragata gadan-gadan, na ce wannan bugun ba nawa ba ne, na ba ta hanya.

Baba bai yi ba'a ba a wannan karon. Asabar ce ranar cinikinsa, kuma sai da rana ta take ya buɗe shago. Da ya dawo ya kira ni ya ce, "Ka ji da kyau. Ba zan ƙara rufe shago saboda ƙwallo ba, ko da duniya za ka cafe." Baba kuwa in ya faɗi magana, ko shi kansa ba ya iya janye ta.

Ana cikin haka azumi ya kama, aka jingine maganar wasa gaba ɗaya. Ni dai na riƙa yawo kamar kazar da aka jiƙa. Mai rarrashina ɗaya ne, kyaftin ɗinmu, wani dogon yaro ɗan asalin Barno da iyayensa ke zaune a unguwar Kwaciri. Tsawonsa ya kai sai ka yi masa sallama ka jira kafin ta isa kunnensa. Shi yana ce mini Bayarabe, ni ina ce masa Babarbare, kuma tun ajin farko muke raba ƙosai. Wata rana muna kwance a inuwar masallaci muna jiran la'asar, ya ce, "Bayarabe, Babanka cewa ya yi ba zai rufe shago saboda ƙwallo ba, ko?"

Na ce, "Sai ka tuna mini? Da azumi a bakina?"

"Ranar Sallah da washegarinta fa, shagon a buɗe yake?"

Na tashi zaune. A rufe yake mana! Baba yakan huta ranar Sallah da washegari. A rana ta uku yake yin sammako ya tafi Legas saro kaya, kuma kafin ya dawo mun fara jarrabawa, an kulle ƙwallaye a sito. Ranar Sallah ba ta wasa ba ce. Washegari ke nan, ita kaɗai ta rage mini a duniya. Babu Islamiyya, babu makaranta, babu wanda ke walimar aure, ga hutu kowa ya samu. Na rungume Babarbare a ƙugu, domin nan hannuna ya kai.

Malam ya kira kocinsu a gabanmu ya ce, "Washegarin Sallah, bayan la'asar." Kocin ya ce, "An gama, Malam." Baba ma da na gaya masa ya juya maganar a ransa ya ga ba ta taɓa rantsuwarsa ba, ya ce Allah ya kai mu.

Ga abin da ba mu sani ba sai daga baya. Mu da muka ce washegarin Sallah, ba mu ambaci rana ba, domin kowane Musulmi ya san wata ne ke yanke wannan hukunci, azumi ya cika talatin ko ya tsaya a ashirin da tara. Shi kuwa kocin, yana ajiye waya ya ɗaga kai ya dubi kalandar da ke bangon ofishinsa, ya ga an buga Sallah da jan rubutu a ranar Laraba. Sai ya tara yaransa ya ce musu wasa ranar Alhamis ne, kowa ya tafi hutu da Alhamis a kansa.

Wata kuma bai duba kalandar kowa ba. Ranar Litinin da magariba aka gan shi, Talata muka yi Sallah. Na ci abinci kaɗan, wato faranti huɗu, saboda kada jiki ya yi nauyi. Sauran yinin na ƙare shi ne wajen kai kulolin abincin Sallah gidajen abokan Iya a Sabon Gari, kamar yadda muke yi duk shekara.

Laraba ana idar da sallar la'asar muna fili. Tun da nake ban taɓa ganin filin nan fayau haka ba, ko akuya babu. Baba ya zo cikin shaddarsa ta Sallah, aka ba shi benci a inuwa. Na sa safar hannu na shiga raga ina ta tsalle-tsalle don ya fara ganin samfuri. Muka jira. Duk a daidaita sahun da ya ɓullo sai mu miƙe, ya wuce da 'yan yawon Sallah. Da abin ya ishi Malam ya kira kocin, ya sa wayar a bayyane kowa na ji.

"Koci, kuna ina? Ga mu a fili."

"Wane fili, Malam? Ai gobe ne."

"Wace goben? Jiya aka yi Sallah!"

"Na sani, har na ci tuwon maƙwabta. Amma kalanda ta ce yau ce Sallah, gobe washegari. Alhamis na gaya wa yara."

"Kalanda ce ke ganin wata? Ido gare ta?"

"To ni na san watan zai yi sammako? Malam, yi haƙuri. Yaran nan sun watse cikin Sabon Gari, yawancinsu ba su da waya, gidajen kaɗan na sani. Gobe war haka muna nan, ko da ƙasa za ta tsage."

Gobe war haka Baba ya wuce Kwara. Na koma cikin raga na zauna a ƙasa, na jingina da ƙarfe. Wani gumi mai yaji ya shiga idona, na yi ta goge shi da safar hannu yana ƙaruwa. Babarbare ya zo ya tsaya a gabana ya kare ni daga mutane.

Sai na ji muryar Baba yana cewa, "Malam, ara mini wayar nan." Ya sake kiran kocin, ya kara a kunne ya ce, "Samari, kai ɗan gidan waye a Sabon Gari?" Ya saurara, sai ya yi dariya. "Tela? Mai shago kusa da famfo? Ai shi ya ɗinka mini wandon makaranta, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. To yaran naka fa, 'ya'yan su waye?" Kocin ya fara lissafo iyaye da sana'o'insu, Baba yana gyaɗa kai. Mai buga musu gaba ɗan wata mata mai busasshen kifi ne, layinsu ɗaya da Baba a kasuwa. Golansu ɗan mai kayan gyaran mota ne, tare suka yi firamare da Baba. Da ya gama ya miƙa wa Malam wayarsa, ya gyara hula ya ce mini, "Kai, tashi. Bana ban je gaisuwar Sallah Sabon Gari ba."

Malam ya ce shi zai tsare fili, ya je tsakiya ya zauna dirshan, ya ce ko tirela ce ta zo sai dai ta bi ta kansa. Ni da Baba da Babarbare muka faɗa a daidaita sahu, gwiwoyin Babarbare suna taɓa haɓarsa.

Gidan mai kifi muka fara zuwa, kuma a nan na gane kuskurena na murna da wuri. Baba ba ya shiga gidan mutane ya faɗi abin da ya kawo shi. Sai ya gaishe ta da Hausa, ya ƙara da 'yar Ibon da ya iya, ya tambayi maigida, ya tambayi ƙafarta mai ciwo, ya tambayi 'yarta da ke aure a Fatakwal da abin da ta haifa. Ita kuma ta yi barka da Sallah, ta yaba miyar Iya ta jiya tun daga gishiri har daddawa. Ni ina tsaye ina kallon rana tana zamewa kamar an shafa mata mai.

Da aka zo kan magana ta ce, "Alhaji, ba na hana shi ba, amma ka gan shi can, bai gama dakan sakwara ba. Babansa in ya dawo bai tarar da ita ba, ni da shi ne."

Baba ya dube ni. Na dubi Baba. Haka na karɓi taɓarya da safar hannuna ta gola, na daka wa mutumin da zai ɗura mini ƙwallo sakwarar gidansu, shi kuma yana ɗaure takalmi yana cewa, "Gola, ka ƙara ƙarfi, akwai gudaji." Babarbare aka ba shi bokiti ya cika randa.

Za mu fita ta ce mu tsaya. Kular da na kawo jiya tana nan, kuma ba a mayar da kwanon maƙwabci haka nan. Ta cika ta da soyayyen kifi ta danƙa mini a hannu.

Mai kayan gyaran mota shi a shago muka same shi, golansu yana jera masa kaya. Bayan gaisuwar da ta isa a yi noma a girbe, ya ce, "Alhaji, ka san yau mutane na ta tafiye-tafiye, ciniki ake. In na saki yaron nan wa zai miƙo mini kaya?"

Baba ya ce, "Ni sau biyu ina rufe nawa saboda ɗanka ya zo ya yi tsalle, bai zo ba. Kai yamma ɗaya ce za ta gagare ka?"

Mutumin ya tuntsire da dariya har yana dukan kanta. Ya ce, "Kai da ko zazzaɓi ba ya rufe maka shago? To wannan wasan sai na gani da idona." Ya jawo ƙofa ya datse, ya biyo mu.

Daga nan aiki ya yi sauƙi, domin yaran biyu sun bazama cikin layuka suna ƙwala wa 'yan uwansu kira. Aka zaƙulo wani daga shagon aski da rabin kai. Aka ɗauko mai ganga daga harabar coci. Kocin ya iso a kan babur ɗinsa da buhun jesi, ya durƙusa ya gaida Baba, yana ta ba da haƙuri a madadin kalanda. Duk gidan da muka tsaya kuwa sai an fito da kwanon Iya da wani abu a ciki. Da muka juyo Fagge, a daidaita sahu uku ne a jere, cike da 'yan wasa da iyaye da kwanuka, wanda bai sani ba sai ya ce kai amarya za a yi.

Muka tarar da Malam yana nan zaune inda muka bar shi, ya kori masu kilisa da keke da wani mai neman wurin shanya barkono. Rana ta yi ja. Da aka ƙirga 'yan Sabon Gari ba su cika ba, sai Malam ya ara musu biyu daga 'yan bencinmu. Waɗannan yara sun shekara suna roƙo a sa su ana ce musu sai gaba, don haka suka sa jesin mishan suna murmushin da ban so ba.

Aka hura usur. Baba na zaune a benci tsakanin mai kifi da mai kayan mota, kwanuka jibge a gabansu. Ni kuma na shiga raga. Aka ɗan taɓa nan da can, sai na ce bari in saci kallo in ga ko Baba na kallona. Yana kallona kuwa. Yana kallona lokacin da ƙwallo ta zo a hankali, kamar tsohuwa mai zuwa barka, ta bi ta tsakanin ƙafafuna ta kwanta a raga. Wanda ya buga ta kuma ɗan bencinmu ne. Ya zagaya fili da gudu yana murna kamar a Sabon Gari aka haife shi.

Babarbare ya tako har gabana ya sunkuyo ya ce, "Bayarabe, Babanka ka zo kamawa ko ƙwallo? Shi ba inda za shi. Kalli gabanka."

Ban ƙara waiwayawa ba. Na kama ta sama, na kama ta ƙasa, na doke wata da gwiwa, wata kuma da hanci, ba da niyya ba. Babarbare ya farke mana da ka daga bugun kwana, bai ma yi tsalle ba, sunkuyawa ya yi. Aka juya ba tare da hutu ba saboda rana. Suka ƙara mana ɗaya, wadda ko gola biyu aka sa ba za su kama ba, kuma ina da shaidu.

Can wasa ya kusa ƙarewa, ɗan mai kifi ya yanke 'yan bayanmu biyu ya taho shi kaɗai, cike da ƙarfin da bai ɓata wajen daka ba. Ya ɗaga ƙafa ya narka ta can saman kusurwa ta hagu. Ban san lokacin da na bar ƙasa ba. Na dai ji ƙwallon ta daki 'yan yatsuna, ta karkace ta bugi ƙarfe ta fita, ni kuma na dawo duniya ta kafaɗa. Ina kwance ina neman numfashi sai na ji wata murya ta fi ta kowa, ana zuba Yarbanci kamar ruwan sama. Na ɗaga kai. Baba ne a tsaye a kan benci, hula a hannu, babbar riga ta zame ta kafaɗa ɗaya, mai kayan mota yana riƙe da shi kada ya faɗo cikin kifi.

Ba a daɗe ba aka kira magariba, Malam ya hura tashi. Biyu da ɗaya, su ke da nasara. Muka shiga masallacin bakin fili, su kuma suka zauna gadin kwanuka. Da muka fito aka buɗe komai a tsakiyar fili aka haɗu aka cinye, har da 'yan bencin nan maciya amana. Malam da koci kuwa tuni sun koma gefe sun fara gardamar ranar ramuwa.

Muka kama hanyar gida ni da Baba. Ina tafe da kwanuka a ka, ina tunanin ta tsakanin ƙafafun nan. Ɗan yatsana na tsakiya ya kumbura ya yi kamar ayaba. Muna shiga Iya ta ce, "Yaya? An buga kuwa, ko yau ma shinkafa kuka ci?"

Baba ya zauna a tabarma ya ce a miƙo masa man zafi. Ya kamo hannuna ya fara murza yatsan, ina cije baki. Sannan ya ce wa Iya, "An ci su biyu. Ta farko ba laifinsa ba ne, filin ne ya karkace. Amma ki bar wannan. Akwai wadda yaron nan ya bi, wallahi sai da ya wuce ƙarfen raga, ya wuce falwaya. Mutanen Kantin Kwari ma na tabbata sun gan shi. Ya daɗe a can sama har na fara tunanin wa zai taya ni zaman shago."

Iya ta saki baki tana dubana. Kunya ta kama ni, na ce, "Baba, ban fa kai falwaya ba."

Ya ja yatsan har ya yi ƙara, ya ce, "Kai kana sama, ina ka san inda ka kai? Ni nake ƙasa ina kallo. Ci tuwonka."